Tsohuwar mota a Kumasi: gyaran a tashi da gyaran a daɗe

Kumasi gari ne da mota ba ta mutuwa da wuri. Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine, babbar unguwar kanikawa ta garin, ya gani da idonsa: motar da a wata ƙasa da tuni an kai ta juji, a nan za a kwance ta a ɗaura, gobe ka gan ta da kaya ta nufi Tamale. Amma ka ce a nuna maka Peugeot 504 guda ɗaya wadda injinta da kujerunta da wayoyinta suke yadda suka baro kamfani, sai an sha yawo. Tsofaffin motoci ba su ƙare ba. Abin da ya yi wuya shi ne wadda ta tsufa da kamanninta. A ganina sanadin duka biyun ɗaya ne: hannun da ya raya motocin nan shekara da shekaru, shi ne kuma ya cinye asalinsu kaɗan-kaɗan. Mai sha'awar tsohuwar mota da bai gane wannan ba, zai zuba kuɗinsa ya wayi gari da wata mota dabam da wadda ya ƙwallafa rai a kanta.

Ba direban da rashi ya hana shi sake mota nake nufi ba, shi lamarinsa daban. Ina nufin wanda ya riƙe tsohuwar mota don yana son ta: saurayi a Aboabo da ya hana a sayar da Benz ɗin mahaifinsa, ko wanda ya dawo daga Jamus bayan ya ga kuɗin da ake biya a can a kan irin motar da ke ruɓewa a bayan gidansu a Asawase. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, an adana ta a kan kamanninta na asali, kuma ba ita ce abin hawan yau da kullum ba. A Birtaniya motar da ta kai shekara 40 ana yafe mata harajin hanya. A nan kuwa tsufa tara yake jawowa. Motar da ta wuce shekara 10, kwastan na ɗora mata tarar tsufa a tashar Tema, kuma tarar na hauhawa gwargwadon shekarun. A 2020 majalisa ta ma yi dokar hana shigo da motar da ta haura shekara 10 da wadda ta yi haɗari, don a ba kamfanonin da suka zo harhaɗa motoci a ƙasar sarari, irin su Volkswagen da ya fara a 2020 da Toyota a 2021, sai dai gwamnati ta jingine aiwatar da ita da dillalai suka yi ca. Ke nan shigo da tsohuwar mota mai kyau daga Turai sai mai hannu da shuni. Saura dole su nemi abin da ke cikin ƙasa, motocin da suka riga suka bi ta hannun kanikawa sau ba adadi.

Waɗanda ake nema ba su da yawa. Akwai Peugeot 404 da ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya da na Bandama a Kodebuwa a 1975. Doguwar 504 mai layin kujeru uku ta daɗe tana jigilar fasinja tsakanin Kumasi da Accra. Akwai Mercedes-Benz W123, da aka ƙera wajen miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, musamman masu shan gas, 240D da 300D. Sai Volkswagen Beetle mai inji a baya, da Land Rover da Land Cruiser na da, da 'yan Datsun da suka rage. Mai saye ya tuna cewa Ghana ta koma tuƙi a hannun dama ne ranar 4 ga Agusta 1974. Motocin da suka shigo kafin nan da yawansu sitiyarinsu a dama yake, an kuma juya na wasu zuwa hagu daga baya. Juyin sitiyari aiki ne da ya taɓa birki da kuloci da allon gaba baki ɗaya, don haka motar da ta girmi wannan rana sai an duƙa an ga yadda aka yi mata shi kafin a yi ciniki.

In za a yi wa kanikawan Magazine adalci, sai an tuna zamanin da ya hore su. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1983 tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, kuɗin waje suka ƙafe, kayan gyara suka ɓace daga kantuna. Direban da motarsa ta tsaya ba shi da inda zai sayi sabon abu ko da yana da kuɗin. Sai masu sana'a suka koyi yanka roba daga tsohuwar taya, su ɗauko fistin na wannan mota su sassaƙe shi ya shiga waccan, su yanka gaskit da hannu, su narka ƙarfe su zuba abin da babu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, ma ta kafa cibiyar dabarun ƙira a cikin Magazine a 1980 saboda abin da ta gani a wurin. Basira ce ta gaske, kuma ita ta hana sufurin ƙasar tsayawa cik. Amma tambayar da ta haifi wannan basira guda ce: yaya motar nan za ta tashi yau, da kuɗin da ke aljihun direba? Wannan shi ne gyaran a tashi. Mai motar sha'awa tambayarsa daban ce: yaya motar nan za ta ƙara wasu shekara 30 ba ta rikiɗe ba? Masta ɗaya na iya amsa duka biyun. Amma in ba ka faɗa masa wadda ka zo da ita ba, ta farkon zai amsa, don ita ya saba ji.

Dubi abin da ake yi wa tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi. Shawarar farko da ake ba mai mota ita ce a cire shi, wai ƙasarmu da zafi. A wasu motocin illar a ɓoye take: inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai fiye da kima, yana cin kansa a hankali. A injin Benz abin ya wuce haka, domin tamostat ɗinsa aiki biyu yake yi. Yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Da an cire shi ruwan ya sami hanya mai sauƙi, wani kaso nasa ya daina zuwa lagireto, mota ta yi zafi a kan tudu, wato ainihin abin da aka cire shi don gudu. Daga nan sai a ɗaure fanka ta riƙa juyawa ba hutu, a ƙara wata ta lantarki a gaba, a ja mata waya daga batir ba fis. Gyara ɗaya ya haifi uku, ba wanda ya taɓa ciwon, wanda galibi lagireto ne da ya toshe da tsatsa saboda shekaru ana zuba masa ruwan famfo zalla. Ruwan sanyaya inji na kanti ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a cikinsa. Injin 504 kansa na alminiyam ne, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe, silif ɗin da fistin ke kai-komo a ciki kuma cikin ruwan yake zaune. Ruwa zalla a irin wannan inji yana cin kan har ya huda shi.

Beetle ba ta da ruwa sam, iska ke sanyaya ta. Gwangwanayen da ke kewaye da injin, da robar da ta toshe tsakaninsa da bodi, su ke tilasta wa iskar fanka bi ta kan silinda. Yaron gareji ya sauke inji, ya ga gwangwanaye da ƙananan kusoshi masu cin lokaci, ya bar rabi a ƙasa. Mota ta tashi lafiya, mai ita ya biya ya tafi, bayan 'yan watanni bawul ya ƙone. Injin nan kuma ba shi da matatar baƙin mai irin ta sauran motoci, 'yar raga ce kawai, shi ya sa ake canza masa mai duk kilomita 5,000, a daidaita bawul yana sanyi a tazarar milimita 0.15. Aiki ne na rabin awa da ba ya buƙatar wata na'ura, sai dai wanda ya san ana yin sa.

Masu W123 ta gas kuwa sun san ranar da ake zare makulli mota ta ƙi mutuwa. Ana kashe injin ne da zuƙar iska ta wasu siraran tiyo, kuma irin wannan zuƙa ce ke kulle ƙofofi. Tiyo ɗaya ya tsage, duka su rikice. Gyaran a tashi shi ne a ɗauro waya daga famfon gas zuwa cikin mota, direba ya riƙa ja yana kashewa. Gyaran a daɗe shi ne a bi tiyon ɗaya bayan ɗaya har a sami inda yake yoyo. Tiyon ba shi da tsada. Lokacin binsa ne mai tsada, kuma a gareji ba a biyan kowa kuɗin lokaci.

A wajen bodi kam muna da abin da Turawa ke nema da kuɗi masu yawa. Masu buga bodi a Magazine suna iya ɗaukar fallen ƙarfe su lanƙwasa shi da guduma ya fito da siffar ƙasan ƙofa ko bakin taya. Matsalar ita ce ba kasafai ake neman su yi hakan ba, domin cusa fila a rami a fesa fenti ya fi sauri da araha. Damina biyu ta Kumasi da iskar gishiri ta Accra kuwa ba sa ragawa: ƙasan ƙafa, ƙarƙashin batir, wuraren sa jak da gindin gilashi, nan tsatsa ke fara ci. Tsohuwar mota mai sabon fenti ita ta fi cancantar bincike. Ɗan maganaɗisu a aljihu ya isa, inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne.

Sai babbar gardama, canza inji. Shawarar cikin tausayi take zuwa: "Alhaji, bari mu sa mata injin Toyota ka huta." Kuma akwai gaskiya a ciki. Injin Japan na hannu yana da sauƙin kuɗi, ba ya shan mai, kayansa na kowane lungu. Ga wanda motar ce abincinsa ban ga laifi ba ko kaɗan. Ga mai sha'awa kuwa ina ganin asara ce, kuma ba don tsananin son asali kawai ba. Inji ba ya shiga shi kaɗai. Sai an yanke mazauninsa an yi walda, giya ta bi shi, furofela ta bi giya. A ƙaramar 504 furofelar ma cikin wani bututun ƙarfe take da ya haɗa giya da bayan mota, ba a taɓa shi sai da yanka mai yawa. Nauyin gaba ya canza, wayoyi su zama rabi na Faransa rabi na Japan, wanda ya haɗa su kaɗai ya san kansu, ranar da ya bar gari mota ta zama marainiya. Ga takarda: lambar inji da ta shasi suna cikin rajistar motar, canji sai an kai wa hukumar rajistar motoci, DVLA, ta gyara, abin da mutane da yawa ba sa yi sai ranar da ya zame musu matsala. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohon injin. Galibi ranar da aka sauke shi ake sayar wa masu awon ƙarfe, alhali injin 300D mai silinda biyar da ake cewa ya gaji sau da yawa nozul ne da daidaita bawul kawai yake nema. In gangar ta tsage ba gyara, a nemi irinsa. In dole sai an sa baƙo, kada a yanka shasi, kuma a ajiye na asalin a ɗaki, a zuba masa mai a rufe.

Ba ina cewa kada a taɓa komai ba. Motocin nan an ƙera su ne kafin cunkoson Kejetia da Anloga, kuma rai ya fi asali. Tiyon birki na roba yana tsufa ko mota na tafiya ko tana tsaye, man birki yana tsotsar danshi, a canza shi duk shekara biyu. Beetle ta kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birkinta ɗaya ne, ya huje ko'ina ƙafa ta tafi ƙasa, mayar da shi layi biyu wajibi ne a wurina. Haka bel ɗin kujera. Taya kuma ba zanenta kawai ake dubawa ba, akwai lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma motar sha'awa ba ta cinye taya, tayar ce ke bushewa a ƙarƙashinta. Na yarda a sa na'urar wuta ta zamani a cikin distiributa a huta da kwantak, a ƙara wa lagireto layi, a sa wa fitilu rilé. Tun farkon 2006 aka daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, don haka tsohuwar Land Rover ta fetur mai kan baƙin ƙarfe tana buƙatar mazaunin bawul mai tauri in za ta riƙa doguwar tafiya. Iskar sanyi ta R12 ma an kawar da ita ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, komawa R134a kuma ba ɗura sabuwar iska kawai ba ne, sai an wanke layin an canza man kwamfuresa. Ma'aunina a duk waɗannan shi ne ko za a iya warware canjin da sifana a mayar da abin da aka cire. Tsohuwar mota kamar rigar saƙi ce: ana iya sake mata shafi daga ciki, amma wanda ya yanke aikin wuyan ya ɗinka na keke ya rabu da rigar. Shi ya sa ba na tare da masu sauke 504 ƙasa su sa mata manyan wili da siririyar taya. Dogon numfashin ƙafafunta a kan gargada shi ne dalilin da ya sa Afirka ta so ta tun farko.

Kayan gyara kowace mota da hanyarta. Na Beetle suna da yawa a duniya, domin sai 2003 aka daina ƙera ta a Meziko. Na Benz ana samu ta intanet daga Jamus, amma da yuro, kuma wanda ya fara aiki a 2022, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba, ya san yadda lissafi ke rushewa a tsakiyar gyara. A kan 504 ne mutanen zango ke da rinjayen da ba kowa ke da shi ba. Kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har 2006, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina, don haka abin da aka rasa a Magazine da kasuwar Abossey Okai ta Accra yana nan a Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Harshe da dangantakar da fataucin goro ya shimfiɗa tsakanin Asante da ƙasar Hausa har yanzu suna aiki: waya ɗaya ga ɗan'uwa, hoton abin da ake nema, kaya su biyo ta Aflao. Sai dai a kula da jabu, kwali ɗaya inganci daban, kuma sau da yawa tsohon abu na asali ya fi sabo na kwaikwayo. Mafi wuyar samu ba kayan inji ba ne. Robar gilashi ce, da fitilun baya, da ƙananan ƙarafan ado, da allon gaba da rana ba ta tsattsaga ba. Don haka in an ba ni zaɓi tsakanin mota mai tashi da aka kwashe wa waɗannan da matacciya da komai nata ke jikinta, matacciyar zan ɗauka.

Ita matacciyar ma kullum raguwa take, kuma a unguwanninmu gado ne ke cin da yawa. Maigida ya rasu, motar ta shiga cikin dukiyar da za a raba, magada da yawa, ba wanda ya yarda ya biya saura rabonsu, ba kuma wanda ya yarda a sayar. Sai ta zauna a tsakar gida. Mota kuwa ta fi lalacewa a tsaye: birki ya kama, fetur ya daskare a kafireto, ɓeraye su ci wayoyi, ruwa ya kwanta a ƙasan ƙafa. Takardu su ɓace. Ƙarshenta a kira masu sayen tsohon ƙarfe daga Akwatia Line su auna ta da kilo, kuma tun da gwamnati ta hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe waje a 2013, hanyarta ta masana'antun rodi ce. Masu sayen ba su da laifi, sana'arsu suke yi, da yawansu 'yan'uwanmu ne. Maganin yana hannun iyali: a yi wa motar kuɗi da wuri a gaban malamin da ke rabo, mai so ya biya saura, a sauya suna a DVLA tun dattawan da suka san tarihinta suna raye. Tsohuwar lamba mai harafi a ƙarshe, irin ta kafin 2009, da takardun farko na motar, su ma wani ɓangare ne na darajarta.

Duk da haka, ƙarancin da ya fi damuna ba na ƙarfe ba ne. Mastocin da ke daidaita kafireto da kunne, waɗanda suka san famfon gas na Bosch ciki da waje, sun manyanta. Yaran da ke hannunsu hankalinsu na kan kwamfutar gano ciwon mota, kuma suna da gaskiya, can kuɗi suke. Tsarin biya ma yana kashe aikin natsuwa, tun da ana yin ciniki ne a kan aiki ba a kan yini ba, wanda ya ɓata kwana biyu yana bin tiyo shi ya yi asara. Mai tsohuwar mota shi zai fara canza wannan. Ya zauna da masta kafin a taɓa kusa ɗaya, ya ce masa, "Baba, ba sauri nake ba, kada a jefar da komai, abin da aka cire a ajiye mini," su yi jinga a kan kwanaki. Ya kawo littafin gyaran motar mai ɗauke da ma'aunai, ya sayi sifanar auna ɗauri in garejin ba shi da ita, ya roƙi a tsayar da yaro ɗaya a kan aikin daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma riƙa ba yaron nasa na daban. Mota ɗaya ba za ta sa saurayi ya ba da shekarunsa ga koyon kafireto ba. Amma in masu 504 goma na Aboabo da Asawase da Sabon Zango suka yarda su riƙa kai motocinsu gareji ɗaya, aikin ya isa ya riƙe masta da yaransa biyu, odarsu kuma ta isa dillali ya tashi takanas ya ɗauko kaya daga Kaduna.